Aji Takwas a Ɗaki Ɗaya

Orpha Tvedt tana da shekara goma sha bakwai ta shiga makarantar horon malamai ta gundumarsu, a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka. Karatun 'yan watanni aka yi mata, aka miƙa mata ƙararrawa, aka ce je ki koyar. A makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya ta yi furfura, ita ke hura murhu, ita ke da aji takwas.

Sai ga sabon tsari ya zo, wai malami sai da digiri. Tun daga nan Orpha ta daina yarda da kowa. Ko murmushi sufeton makarantu ya yi mata, sai ta wuni tana neman abin da ke ƙarƙashinsa.

Ana haka kwaleji ta turo mata wata ɗaliba, Lorraine Kubik, koyon aiki. Orpha ta dube ta sama da ƙasa, ta ce a ranta: koyon aiki ko gadon kujera?

"Malama, yaya kike yi da aji takwas lokaci guda?" in ji Lorraine.

"Ba ku ne 'yan kwaleji ba? Ai na ɗauka an zuba muku komai a kai, yarinya."

Alhali dabarar ba wuya. Aji ɗaya ke zuwa bencin gaba, manya su saurari karatun ƙanana, sauran kowa da aikinsa. Amma Orpha ta ƙi gaya mata. Burodin da Lorraine ke gasa mata ma, toshiyar baki ta ɗauke shi.

Ranar da sufeto Haugen ya zo, Orpha ta sakar wa yarinyar aji, ta koma gefen murhu. Ɗaki ya rikice, ƙanana na kuka, manya na jifa da alli. Daɗi ya kama Orpha, yau dai za a ga wa ke riƙe da makarantar nan.

Da aka tashi yara, Haugen ya tsaya yana murza hularsa.

"Malama Tvedt, ba ita na zo dubawa ba, ke ce. An ce tsofaffin malaman da ba su da digiri, duk wanda ya iya horar da na baya a bar shi a kujerarsa. Ni na kai sunanki."

Orpha ta juya ta ga Lorraine tana tsince alli a ƙasa tana share hawaye, kunya ta rufe ta.

"A ƙara min wata ɗaya in horar da ita," in ji Orpha.

"Gobe take komawa kwaleji," in ji Haugen.