Abin da Baba Yake Leƙawa a Kyamarata

Shekarar da na sayi kyamara ita ce shekarar da Baba ya faɗa kanal ɗin ban ruwa da babur. Bai ji ciwo sosai ba, alhamdu lillahi, gwiwa ce ta kuje, hularsa kuma ruwa ya yi garin Kura da ita. Da aka tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce gefen kanal ne ya zaizaye, hanya ta tsuke. Hanyar da ya fi shekara talatin yana bi fa! Kowa a gidanmu ya san gaskiyar zance, idon Baba ya daina ganin nesa. Mutumin da ya taɓa yi wa buhun taki sallama har sau biyu a bakin gona, da bai ji an amsa ba ya dawo gida yana faɗan mutanen yanzu ba su da tarbiyya.

Inna ce kaɗai ke iya taɓa maganar, ita ma a kaikaice.

"Malam, da ka daure an duba idon nan."

"Idon wa? Idona garau yake. Tabarau ai na malaman makaranta ne." Sai ya juyo wajen da yake zaton ina zaune, don ni ce malamar makarantar gidan. Sau da yawa turmi yake harara.

Ƙannena maza biyu kuwa sun gama shawara a bayan idonsa. In aka kwashe tumatirin rani bai je asibiti ba, za su ɓoye makullin babur, su karɓi aikin gona, ya zauna a zaure yana jan carbi. Ni na san Baba. Ranar da aka raba shi da gonar nan, ranar zai fara tsufa da gaske. In kuma aka bar shi, wata rana ba hula kaɗai ruwa zai tafi da ita ba. Wannan tsoron muke kwana da shi muke tashi da shi.

Ni ce 'yar fari, don haka Baba ba ya kama sunana. "Ke" nake, ko "wannan". Tsakaninsa da Inna ma haka abin yake, tunda na yi wayo ban taɓa ganin sun haɗa ido a gabanmu ba. In zai yi mata magana bango yake kallo, ita kuma ta amsa wa tukunya.

Kyamarar ta hannu ce, a birni na saye ta, baƙa, mai nauyi, da gilasan gaba guda biyu da ake cirewa a sauya: gajere na ɗaukar mutane kusa, da dogo mai jawo nesa. Dalilina shi ne matan garinmu ba sa son namiji ya shigo musu cikin gida da sunan ɗaukar hoton biki, waya kuma da rana ta yi sanyi sai ta mai da amarya kamar an shafa mata toka. Na ce to, ga sana'ar yamma bayan an tashi daga makaranta.

Ranar da na haɗa ta, a tsakar gida na shimfiɗa tabarma, nesa da inda Inna ke shiƙar shinkafa, don mai shagon ya ja mini kunne kada ƙaiƙayi ya shiga cikinta in na cire gilashi. Na sa batirin da ya wuni a shagon mai caji, na zura katin ajiyar hotuna, na daidaita ɗigon jikin gilashi da ɗigon jikin kyamara, na murɗa har ya ce ƙas. Na rataya igiya a wuya, na gyara tsayuwa kamar wadda aka haifa da ita, na kafa ido a 'yar tagar leƙawa. Duhu ƙirin!

"Inna, na shiga uku, ba ta gani."

Ta leƙo daga bakin murhu. "Makauniya suka sayar miki? To, kun yi yawa a gidan." Sai ta nuna da muciya. "Wannan faifan da ke bakinta fa, ado ne?"

Murfin gilashi ne ban cire ba. Har yau in Inna ta tuna sai ta yi dariya.

Abu biyu mai shagon ya nanata mini. Na ɗaya, maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi. In ka danna rabi, kyamara za ta nemi abin da kake kallo ta fito da shi tas. In ka ƙarasa dannawa, sannan ta ɗauka. Na biyu, a gefen tagar leƙawa akwai wata 'yar taya mai haƙora, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ita ba ruwanta da hoto, idon mai leƙawa take bi. Ka murza ta har ka ga komai sarai, daga nan kada ka sake taɓa ta. Na saita tawa. Na kuma kashe allon baya don kada ya riƙa nuna hoto bayan an ɗauka, saboda a garinmu wuta baƙuwa ce, batir kuwa abin tattali.

Baba ya raina kyamarar nan tun ranar farko. Ya ce abu ya kusa kai injin ban ruwa nauyi, amma ko ɗigo ba ya ɗagawa. Duk da haka a ɗakinsa nake ajiye ta, don shi kaɗai ke da ƙofa mai kwaɗo, yaran gida kuma hannunsu ba ya zama.

Wata Asabar na bi shi gona in gwada dogon gilashin a kan balbelu da ke bin masu huɗa. Yana ta jera tiyo daga kanal zuwa kwamin tumatir, yana satar kallona. Can ya goge hannu a riga.

"Ke, kawo in ga abin da kike ta leƙe tun safe."

Ya riƙe ta kamar an ba shi jinjiri ranar suna. Ya leƙa, ya ce dishi-dishi kawai yake gani, an cuce ni. Na nuna masa 'yar tayar, na ce ya murza a hankali, ya ɗora yatsa a maɓalli. Ya murza. Ya sake murzawa. Sai yatsansa ya tsaya a kan tayar.

Ya juya gabas, ya juya kudu, ya tsaya a kan bishiyar mangwaron ƙarshen gona. Ruwa ya cika kwami ya fara tsallakawa gonar maƙwabci, Baba bai sani ba, shi da ko cokali guda na ruwa ba ya bari ya ɓace. Da ya miƙo mini, ga abin da ya ce kawai: "Ba laifi."

Daga makon nan kyamarata ta fara iskanci. Duk yammar da na ɗauko ta, in na leƙa sai in ga duniya ta narke. In saita tayar, gobe ta sake gocewa. Batir kuma yana zuƙewa kamar ana shan sa da ludayi. Na zagi mai shagon a zuciyata, na tsare ƙannena da tambaya har ɗaya ya rantse. Ban kawo Baba a rai ba ko kaɗan. Mutumin da ya ce abin banza ne? A kwanakin ne ma na lura Inna ta fara ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki tana turara shinkafa, na ce a raina tsufa ne ya zo mata da gayu.

Asiri ya tonu a gidan suna. Gwaggwannin mai jego sun jeru, an gyara mayafi, an tsuke baki, kowa ta daina numfashi. Na danna, kyamara ta ƙi. Kati ya cika. Ni da ban ɗauki hoto talatin ba! Wata gwaggo ta ce, "'Yar nan, in ba ki iya ba ki faɗa, ƙafafunmu sun yi tsami." Da waya na ƙarasa aikin, kunya kamar in nutse.

Da na dawo gida na zauna a bayan rumbu na kunna allon. Ga kusurwar rufin zaure. Ga zakaranmu, sau goma sha. Ga babban yatsan ƙafar wani mutum, da faso irin na mai shiga ruwan kanal, yatsan da ko a cikin dubu zan gane shi. Ga hasumiyar masallaci, ga saman dabino. Ashe yatsan manomi bai san rabi ba. Baba in ya danna, har ƙasa yake kaiwa, yana zaton ƙarar ƙyas ɗin nan ita ce alamar abu ya fito sarai. Bai san kowane leƙe nasa yana nan a ajiye ba.

Ina ta dariya ni kaɗai har na wuce hotunan zakara. Daga nan dariyar ta tsaya.

Inna ce. Inna tana juya shinkafa a tukunya, tururi ya rufe mata rabin fuska. Inna tana baza ta a tamfol da ƙafa. Inna tana dariya da maƙwabciya ta kan katanga. Inna tana gyangyaɗi bayan azahar. Duk ta tagar ɗakinsa aka ɗauka, da dogon gilashi, ga ma gefen labule a wasu. Na yi ta wucewa, ita ce dai, ita ce dai, har katin ya ƙare. Wallahi sai da na yi kuka, ban ma san na mene ne ba.

Washegari bayan la'asar na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so in ƙara masa bayani a kan maɓallin nan, don ranar a gona ban gama ba. Na faɗa masa zancen hawa biyu. Carbin hannunsa ya tsaya.

"In an kai ƙasa, ɗauka take?"

"Ɗauka take, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya kalli bango. Kunnuwan dattijo suka yi wani iri. "Goge."

"To, Baba."

"Tsaya." Ya miƙo hannu. Na kunna masa allon, ya kawo shi daf da hanci, don kusa kam yana gani. Ya daɗe a kan wani hoto inda ɗankwalin Inna ya zame baya. "Yaushe uwarku ta yi furfura haka?"

"Ai ta daɗe, Baba."

"Ba wanda ya gaya mini."

Na matsa masa gaba. Sai ga wani da ban lura da shi sosai ba jiya. Inna zaune a kan kujerar tsugunno da tsohon ɗankwali, ta yi tagumi, goshinta ya tattare, ta zuba wa wani abu ido a gefe.

"Nan kuma me take kallo, kamar an yi mata mutuwa?"

Na nuna masa bakin hoton, inda madubin babur ya ɗan leƙo. "Babur ɗinka ne, Baba. Kullum haka take kafin ka fita. In ka fita kuma ba ta cin abinci sai ta ji ƙararsa ya dawo."

Ya miƙo mini kyamarar da hannu biyu, ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Da safe sai ga shi cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ranar Talata. Ya tsaya a tsakar gida ya sanar da bango: "A gaya wa wannan ta shirya ta raka ni birni. A mota za mu." A asibiti, da likita ya ɗora masa abin gwaji yana sauya gilasai, Baba har koya masa aiki yake: "Ƙara murzawa kaɗan, ɗana. Yauwa, nan."

Ranar da muka karɓo tabarau, bai sa shi a hanya ba, yana aljihu har gida. Sai da muka shiga zaure ya tsaya ya maƙala shi, ya gyara hula, ya yi sallama. Inna na bakin murhu. Ya tsaya yana kallon ta, ido cikin ido, a gabana, a gaban ƙannena, a gaban zakara.

Inna ta ja mayafi. "Malam, lafiya? Kallon fa?"

"Shinkafar nake dubawa," in ji shi. "Ta yi kyau bana."

Makullin babur dai ba a ɓoye shi ba. Hotunan ma ban goge ba, Allah ya yafe mini. Bayan kwana biyu na kai wa Inna su a ɗaki, ina jiran in ga ta rufe fuska. Ko gezau. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana taɓe baki.

"Ke kina zaton kurma ce ni? Mutum yana bayan labule yana ta ƙyas-ƙyas kamar mai fasa gyaɗa. Don wa kike tsammani nake ɗaura ɗankwalin biki a bakin murhu?"

Na yi dariya har na riƙe ciki. Da muka iso kan na tagumin, na ce, "To wannan fa, Inna? Shi ma shiri ne?"

Ta karɓi kyamarar ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"A'a," ta ce. "Wannan ban san yana kallo ba."