Malam Illiya Ousmane, Mai Gayyar Asabar (1954–2023)

Haihuwa da asali

An haifi Malam Illiya Ousmane a watan Maris na shekarar 1954, wanda ya yi daidai da Rajab na 1373 bayan Hijira, a unguwar Amdit da ke cikin tsohon birnin Agadas. Mahaifinsa, Ousmane Magini, yana cikin maginan ƙasa da ake kira duk lokacin da za a sabunta yaɓen hasumiyar babban masallaci, mahaifiyarsa kuwa, Hajara, masaƙiyar tabarmin kaba ce. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa bakwai, kuma shi kaɗai ne aka kai lakkwal, wato makarantar boko.

Karatu

Yana da shekara biyar aka sa shi makarantar allo a zauren wani malamin unguwa, inda ya yi karatu har izu ashirin. A shekarar 1962 ya shiga lakkwal, da sharaɗin da mahaifinsa ya gindaya cewa duk ranar da babu aji zai bi shi wurin gini. Da haka ya taso yana kwaɓa ƙasa, yana miƙa tubali, yana koyon yadda ake ɗora azarar goriba a kan soro, har ya samu satifika ta kammala firamare a 1968, ya wuce kwaleji a nan Agadas. A 1972 ya ci jarrabawar burbe, wato ta kammala kwaleji, da sakamako mafi kyau a fannin lissafi, aka tura shi makarantar horar da malamai a Damagaram, ya kammala a 1975.

Aiki a Fashi da Bilma, da aure

Wurin aikinsa na farko shi ne Fashi, garin gishiri da dabino a tsakiyar hamadar Tenere, inda ya isa a cikin watan Oktoba na 1975 ya tarar rairayi ya danne bangon ajin har zuwa taga. Bai jira saƙo daga hukuma ba. Ya tara ɗalibansa goma sha tara da iyayen da suka amsa kira, suka kwashe rairayin da ƙwarya da kwando cikin kwana tara, suka sake ɗaga bangon da ya tsage. A wannan aiki ne ya lura da abin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: yaran da ba sa iya haɗa bakwai da takwas a kan allo suna ƙididdige tubalin da bango zai ci ba tare da kuskure ba, kuma waɗanda ba sa buɗe baki a aji su ne suka fi iya tsara ƴan'uwansu a wurin aiki.

A 1979 aka mayar da shi Bilma, a can kuma ya auri Ramata, ɗiyar wani mai gonar dabino, a shekarar 1980. Ita ce matarsa ɗaya tilo har wafatinsa. A 1984 ya tafi Yamai ƙarin karatu na shekara biyu, ya dawo garin haihuwarsa a 1986 a matsayin malamin lissafi a wata kwaleji.

Kafuwar Gayyar Asabar

A daminar 1988 ruwa mai yawa ya rushe katangar wata tsohuwa mai suna Halima, wadda ba ta da ɗa ko jika a garin, ta wayi gari tsakar gidanta a buɗe ga masu wucewa. Da aka koma makaranta, Malam Illiya, wanda ɗalibai ke kira Mushe Illiya kamar yadda ake kiran malamin lakkwal da Faransanci, ya ba ajinsa labarin, ya ce ranar Asabar da safe zai je can da hauyarsa, wanda ya ga dama ya same shi. Ɗalibai goma sha ɗaya suka zo, cikinsu har da mata uku. Asabar huɗu suka yi suka tayar da katangar, daga nan kuma aikin bai sake tsayawa ba.

Ya kafa wa gayyar ƙa'idoji kaɗan amma bai taɓa sassauta su ba. Ba a karɓar lada, ba a cin abinci a gidan da ake yi wa aiki don kada a ɗora wa mabuƙaci nauyi, ruwan sha kaɗai aka yarda da shi. Kowane ɗalibi yana zuwa da kaye, wato littafin rubutu, ya auna tsawon bango da faɗinsa, ya fitar da adadin tubali da tulun ruwa kafin a fara, ranar Litinin kuma a kan waɗannan alƙaluma ake darasi. Bayan haka, wajibi ne kowa ya zauna da mai gidan ya saurare shi, ko da na ɗan lokaci ne, domin a ganin Malam, tsohon da aka gyara wa ɗaki ba a gaishe shi ba, rabin hidima aka yi masa.

Shekarun jarrabawa

Ba kowa ne ya yi na'am da lamarin ba. A 1990 wasu iyaye, mafi yawansu manyan ƴan kasuwa, suka kai ƙorafi ga shugaban makarantar cewa alƙalami suka aika ƴaƴansu riƙewa, ba su aike su kwaɓa ƙasa kamar ƴan ƙodago ba, kuma ba mutuncin ɗiya mace ba ne a gan ta da laka a ƙafa. Aka kira zama, aka nemi Malam Illiya ya daina. Waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa ya saurari kowa har ƙarshe, sannan ya ce: "Ban tilasta wa ɗan kowa ba. Amma ranar da ƴaƴanku za su zama manya, talakawan garin nan ne za su zo gabansu da buƙata, kuma ina so ya zamana sun taɓa shiga ɗakunansu."

Jawabin bai gamsar da masu ƙorafi ba, a farkon shekarar karatu ta 1991 aka sauya masa wurin aiki zuwa Ingal. Kowa ya ɗauka gayya ta ƙare ke nan. Abin da ya faru kuwa shi ne wata ɗaliba ƴar shekara goma sha biyar mai suna Zuwaira, ɗiyar wani maƙerin azurfa, ta riƙe littafin awo, ta ci gaba da fitar da ƴan'uwanta kowace Asabar ba tare da wani babba a kansu ba. A cikin shekara biyun da Malam ya yi a Ingal sun gyara gidaje goma sha huɗu. Cikin ɗalibai ashirin da uku na gayyar da suka zauna jarrabawar burbe a 1993, goma sha tara suka ci, har da wasu da malamai suka riga suka fid da rai da su. A shekarar aka dawo da shi Agadas, kuma cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman dawowarsa akwai biyu daga iyayen da suka yi ƙorafin farko.

Ambaliyar 2009

Ya ajiye aikin gwamnati a watan Yuli na 2009 bayan shekara talatin da huɗu a bakin aiki. A farkon Satumba na wannan shekara ruwan korin Telwa, rafin da ke kawo ruwa da damina, ya mamaye unguwannin da ke gefensa, ya narkar da gidajen ƙasa masu yawa. Malam bai aika wa kowa kira ba, amma kafin mako ya zagayo tsofaffin ɗalibansa sun fara sauka daga Arlit da Tawa da Yamai, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobi da ƴan kasuwa, wasu da furfura a gemu. An ƙiyasta cewa fiye da mutum ɗari uku ne suka yi aiki a ƙarƙashin gayyar cikin wata biyar, suka tayar da gidaje sittin da uku.

A cikin masu zuwan akwai Zuwaira, wadda a lokacin ta zama ƙwararriya a fannin tsara gine-gine. Da ta duba inda ruwa ya ci, ta faɗa masa a gaban jama'a, cikin ladabi, cewa irin harsashin da ya koya musu ba zai jure wani ruwan ba, sai an ɗora shi a kan dutse an ɗaga shi rabin metir daga ƙasa. Malam ya miƙa mata igiyar awonsa ya ce: "Daga yau ke ce malama a nan. Nuna mini inda zan tsaya." Har aka gama aikin yana cikin masu jera dutse bisa umarninta.

Tafiyar Tchibarakaten

Daga 2014, da labarin zinariya ya bazu, samari suka riƙa barin aji suna nufar arewa. Gayya ta ragu zuwa mutum tara, akwai Asabar ɗin da uku kaɗai suka zo. Wannan ya yi wa Malam nauyi fiye da sauyin Ingal, iyalinsa sun shaida cewa a lokacin ne ya fara tambayar kansa ko abin da ya shuka ya kama. A watan Fabrairu na 2016, yana da shekara sittin da ɗaya, ya hau babbar mota zuwa mahaƙar Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, da niyyar dawo da ɗalibansa makaranta.

Abin da ya tarar ya wuce zatonsa. Wani tsohon ɗalibinsa mai suna Mansur ya haɗa ƴan gayya kusan talatin da ke can, suna ajiye haƙa kowace Asabar da safe, su bi ramukan baƙin da ba su san gini ba suna ɗaure bakunansu da dutse don kada su rufta. Su ne ake nema idan rami ya danne mutum, su ne kuma ke yi wa mamacin da ba shi da dangi sutura, su rubuta sunansa da garinsu a kaye don a sanar da iyalinsa. Ba sa karɓar ko ƙwayar zinariya a kan haka. Malam ya kwana goma sha biyu a wurin, ya dawo da ɗalibai huɗu kacal, waɗanda suka koma aji. Da Ramata ta tambaye shi ko ya yi nasara, sai ya ce ya je ɗauko yara ne ya iske manya.

Ƙarshen rayuwa

Daga 2018 ganinsa ya fara rauni, har ya kai ba ya iya karanta alƙaluma. Duk da haka bai bar fita gayya ba: ana shimfiɗa masa tabarma a inuwa, idan an gama sashe a kama hannunsa a kai shi, ya shafa bangon da tafinsa ya faɗi inda yaɓe ya yi kauri da inda ruwa zai tsaya. A waɗannan shekaru ɗalibai daga makarantu biyar na garin suka shiga aikin, ya faɗaɗa har zuwa share magudanan ruwa kafin damina da raka tsofaffi wurin likita.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi wa Malam Illiya Ousmane rasuwa da hantsin Juma'a, 10 ga Nuwamba 2023, daidai da 26 ga Rabi'ul Akhir 1445, a gidansa da ke Amdit, bayan jinyar kwana shida, yana da shekara sittin da tara. An yi masa salla bayan an sauko daga Juma'a, taron ya cika lunguna har sahun baya ba sa jin kabbarar limami sai da masu maimaitawa. Tubalin da aka rufe kabarinsa da shi ɗalibai ne suka ɗauko daga wanda suka buga don ɗakin wani makaho da ke jiran gyara, da izinin makahon. Washegari Asabar suka koma suka buga masa wani.

Ya bar matarsa, Hajiya Ramata, da ƴaƴa biyar: Bashar, malamin lissafi a Arlit, Zahra'u, ungozoma a Agadas, Saidou, magini, wanda ya gaji sana'ar kakansa, Kadidia, da ke aure a Bilma, da Hassane, auta, ɗalibi a jami'a. Ya kuma bar jikoki goma sha huɗu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa hidimarsa a mizani.