Ranar da Wayar Goggo Tabawa Ta Fara Yabo

Goggo Tabawa ta rasu, aka yi mata salla a Harami, aka zauna makoki aka tashi, ba wanda ya gaya wa Shefali. Ku matan unguwar Mansur kun san ba a gaya mata ba, kuka bar ni ina zaton an gaya mata. Wannan ne fushina, kuma ba zan sassauta shi ba. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi riƙe alƙalami, ban kuwa sha wannan wahalar don in rubuta abin da zai yi muku daɗi ba.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, zabiya, wadda ta yi wa rabinku waƙa ranar aurenku, ta yi wa 'ya'yanku. Kun san halinta: ba ta yabo. Ki kai mata tuwo, ta cinye tas, ta suɗe kwano, ta ce da saura. Ki kai mata jariri, ta juya shi ta duba kunne ta duba ƙafa, ta ce Allah ya raya, da saura dai. Lokacin da aka faɗaɗa masallacin unguwarmu aka sa masa na'urar sanyi, ta shiga ta fito tana cewa sanyin ma bai kai ƙafa ba. Ni da na kawo mata takardar gama ajina, ta riƙe ta a kife, don ita ba ta karatu, ta ce rubutun ya karkace.

Shefali kuwa 'yar Bangaladesh ce, a lokacin ba ta kai ashirin ba. An kawo ta aikin gida, ta gudu daga hannun mai gidan saboda abin da ba ta taɓa faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba. Tana wankin banɗaki a wata istiraha, irin gidajen nan da ake haya don biki, a can Goggo ta tsince ta. Ana tsakiyar kiɗan ƙwarya, amarya ta fito, sai Goggo ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta ce akwai mai waƙa a gidan nan ban da ita, kuma ba ta ba kowa izini ba. Ta bi muryar har banɗaki, mu muna binta a baya. Muka tarar da yarinya durƙushe da tsumma, tana rera wani abu da yarensu, hawaye na zuba cikin bokiti. Na ɗauka Goggo za ta rarrashe ta.

"Ke," in ji Goggo da Larabcinta na kasuwa, "kina numfashi kamar mai hawan dutse da tulu. Ki zo gidana ranar Juma'a."

Makarantar Goggo turmi ce. Turmin nan na uwarta ne, da shi suka ratso Sudan zuwa ƙasar nan, kuma har ta mutu ba ta yarda injin markaɗe ya yi aiki a gidanta ba. An taɓa kawo mata ɗaya kyauta, ta mai da shi gidan cokula. Sai ta zuba gero, ta miƙa wa yarinyar taɓarya, ta ce ta daka tana waƙa: idan taɓarya ta ɗaga a ja numfashi, idan ta sauka a saki murya. Wai duk wadda ta iya waƙa tana daka, ba dandalin da zai ƙure mata numfashi. Geron kuwa da shi Goggo take dama furar da take sayarwa. Kuka yi ta gulma cewa ta samu baiwa a ɓagas. Da maganar ta kai mata, ta ce ita koyarwa take yi, turmin kuma ba ya daka kansa, duk wadda ta ji tausayi ta zo ta karɓi taɓarya. Ba wadda ta zo.

Abin da ba ku faɗa cikin gulmar ba shi ne a gadon Goggo yarinyar take kwana, ita tsohuwar tana tabarma. Wai katifa ce ke sa mata ciwon baya. A gidan Shefali ta koyi Hausa, galibi zagi. Har yau idan za ta gaishe ni sai ta fara da "ke, shashasha", a zatonta kalmar so ce. Na bar ta a haka, don a bakin Goggo ma kusan hakan take nufi.

Shekarar da muka je aikin girki a Arfa, a hanyar dawowa aka tare motarmu ana duba takardu. Shefali ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, aka sauke ta. Aka ɗauki hoton yatsunta, abin da ke nufin ba dawowa. Goggo ta dama fura ta ɗauki kwano, na raka ta inda ake tsare waɗanda za a mayar, aka hana ta shiga. Ta zauna a bakin ƙofa cikin rana, har mai gadi ya gaji ya ce zai kai saƙo na baki, ta faɗa a taƙaice. Na sunkuya ina jiran in ji abin da uwa ke cewa 'ya a irin wannan rana.

"Ka ce mata ta daina waƙa ta hanci."

Mai gadin ya tsaya yana jiran sauran. Ta ce shi ke nan, ya kai mata furar, ya kuma dawo da kwanon. Da muka isa gida ta kife turmin a lungu, ba a sake daka a cikinsa ba. Furarta ma daga ranar ta daina.

A Dakka, babban birnin ƙasarsu, yarinyar ta fara kamar yadda Goggo ta fara, gidan biki zuwa gidan biki, ana ba ta abinci a leda. Sai wani ya ɗauke ta a waya tana waƙa a bikin ƙauye, wuta ta ɗauke, na'ura ta mutu, ita ba ta tsaya ba, muryarta ta cika filin. Hoton ya yi ta yawo. Aka kira ta gasar waƙa a talabijin, ba ta zo ta ɗaya ba, amma ita mutane suka riƙe. Waƙarta ta farko da aka buga, kiɗan da ke ƙarƙashinta duk Bahaushiyar da ta ji za ta gane lugude ne. Su can sun ɗauka sabon salo ne. Kafin mu ankara, masu sharar titi a Mansur suna rera ta, direbobi na sa ta, 'yan Bangalin unguwa suna miƙewa idan Goggo za ta wuce. Ta ce su zauna, ba a biya su don tsayuwa ba.

Duk Juma'a Shefali takan turo murya ta waya, sabuwar waƙa ko wadda take gyarawa. Ni nake danna wa Goggo, don ita tsoron gilashin wayar take yi. Ta saurara ido rufe, sannan ta ce in danna ta ba da amsa: kin saki numfashi a baiti na biyu, kin yi sauri kamar ana binki, wa ya ce ki yi kuka a nan, da saura. Ba gaisuwa, ba ya jiki. Yarinya tana cika dandali da mutane, tsohuwa a ɗaki guda tana ce mata ba ta iya ba. Na taɓa cewa Goggo ko sau ɗaya ki ce ta yi ƙoƙari. Ta ce masu faɗin haka sun cika ƙasarsu, ita aikinta daban.

Amma ku tambayi mai shagon bakin layi, ɗan Bangali ne. Kullum da hantsi sai ta je sayen albasa guda ɗaya tak, ta ce ya sa waƙar yarinyar don ta nemo kuskuren da ta manta. Ya sa, ta ce ya maimaita, ba ta kama shi ba. Haka za ta tsaya har masu saye su taru a bayanta. Da muka kwashe kayanta bayan rasuwa, mun samu albasa cike da kwando, duk ta tsiro. Goggo ba ta cin albasa.

Ciwon suga ne ya ci ƙafarta, daga baya ya kama ƙoda. Ta ƙi asibiti har sai da aka ɗauke ta ba ta cikin hayyacinta. Da ta farfaɗo, ta gaya wa likita cewa hannunsa na rawa, ya koma ya ƙara koyo. Kwana kaɗan ta cika. Maza suka kai ta, suka dawo. Kun san kaburburan garin nan, ba suna, ba alama. Ko da an bar Shefali ta shigo ƙasar, ba inda za a nuna mata a ce nan ne.

Wayar ta faɗa hannun ɗanta, Abdulhadi, wanda ke zaune a unguwar Ka'akiyya. Haifaffen nan ne, Hausarsa ba ta wuce ta neman abinci ba. A zaman makoki na tambaye shi ko ya sanar da yarinyar, ya ce ya gama da wannan. Ashe abin da ya gama shi ne shawara da ku: wai tana shirin babban wasanta na farko, kada a ɓata mata, a bari sai bayan nan. Wasan ya wuce, ba wanda ya motsa. Shi kuma ya ji daɗin zama a majalisa yana sa wa abokai muryar tauraruwa a wayar uwarsa. Da saƙon Juma'a ya shigo, sai ya amsa mata yadda yake ganin kowace uwa za ta amsa: hoton zuciya ja, da masha Allah, da hoton tafi. Ɗan da ya tashi a ɗakin Goggo ke nan, bai taɓa sauraron uwarsa ba.

Wata la'asar ina yanka alayyahu, wayata ta yi ƙara. Shefali ce. Ba ta ce min shashasha ba.

"Anti Rabi, me na yi wa Goggo?"

Na ce me ya faru. Ta ce makonni ke nan Goggo ba ta turo murya, sai rubutu, kuma duk abin da ta aika sai a ce ya yi kyau. Har ta gwada, ta rera waƙa da gangan ta hanci, tana sauri, tana yanke numfashi, ta tura. Aka dawo mata da zuciya uku.

"In fushi take, ta zage ni mana. Don Allah ki ce mata ta zage ni."

Na ajiye wuƙar. A gidanmu ba a faɗa wa mutum mutuwa yana shi kaɗai, ita kuma ina jin ƙarar motoci a bayanta, a titi take. Na tambaye ta ko mahaifiyarta na kusa. Ta ce tana ƙauye, tafiyar rabin yini. Na ce ta kama hanya yanzu, gobe da safe ta zauna kusa da ita, zan kira. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ce to.

Allah ya jiƙan Goggo Tabawa, ya sanyaya mata makwanci, ya karɓi ɗan aikinta da sauƙi, kada ya bincike ta yadda ta bincike mu. Ya ba yarinyar nan haƙuri, don ita aka bari da maraicin.

Da gari ya waye na hau mota zuwa Ka'akiyya. Abdulhadi taubashina ne, da ya buɗe ƙofa ya fara tsokana yadda muka saba. Na miƙa hannu a ba ni wayar. Ya fara bayani da Larabci, wai niyyarsa alheri ce. Na bar hannuna a miƙe har ya shiga ya ɗauko wayar. Ban shiga gidan ba, a kan dakalin ƙofarsa na zauna, na nemo lambar na danna. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na yi mata sallama, ta amsa. Na kira sunan 'yarta, ta miƙa mata.