Tayin da Ba a Maimaita wa Kalilu Ba

A unguwarsu, can bayan Kusugu, babu wanda ya taɓa ganin Malam Kalilu ya karɓi abu a tayin farko. Ko yunwa ta kusa kayar da shi, in ka ce masa bismilla zai ce alhamdu lillahi. Ka maimaita, ya ce ai yanzu ya tashi daga kan kwano. A na uku ne zai wanke hannu, kuma in ya sa hannun nan sai an ga gindin kwano. Haka mahaifinsa, wani dillalin shanu na Sandamu, ya tarbiyyantar da shi, kuma mutanen Daura suna ganin girmansa saboda wannan hali.

Malamin kwamfuta ne a wata sakandare ta cikin gari. Shekarar da aka mayar da rajistar jarrabawa ta intanet, shi ya sha wuyarta. Sai ya cike wa ɗalibi shafi tun daga suna har hoto, ya danna aikawa, sabis ya ɗauke, komai ya bi iska. Da abin ya ishe shi, ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja, irin wadda manyan manhajoji ke aikawa ta yi musu magana da shafukan intanet. Dabararta ɗaya ce tak. In ta miƙa buƙata aka ƙi amsa mata, ba ta yin fushi ta tafi. Za ta ɗan dakata ta sake miƙawa, ta ƙara dakatawa ta miƙa a karo na uku. Wato dai Kalilu ya koya wa na'ura ladabin tayi. Ya ɗora ta a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara in ya iya.

Ashe ba Daura kaɗai ke fama da sabis ba. Wata babbar ƙungiya ta masu rubuta manhaja don amfanin kowa ta ɗauke ta, ta raɓa ta a ƙarƙashin wani babban aikinta. Shekara shida Kalilu yana renonta. Kullum bayan la'asar yana ɗakin kwamfutar makaranta, yana amsa ƙorafin mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Matarsa Barakatu ba ta san me ake yi a ciki ba, ta dai san tuwonta yana hucewa.

Ranar wata Talata saƙo ya zo. Ƙungiyar ta ga manhajar ta yi girman da za a yaye ta, ta tsaya da ƙafarta, da kwamitinta da shugabanta. Wata dattijuwa cikin manyan ƙungiyar ta rubuta a zauren saƙonnin da kowa ke karantawa cewa Kalilu ne ya kafa aikin, don haka shi take ba da shawara ya shugabance shi. In ya amince, sai a buɗe ƙuri'a.

Kada wani ya yaudare ku da zancen tawali'u, Kalilu yana son kujerar nan, so mai tsanani. Sau bakwai ya karanta saƙon. Ya gaya wa amininsa Malam Sha'aban, limamin masallacin unguwa, ya ce a bar maganar tsakaninsu. Kafin magariba har mai shayin bakin titi ya san Turawa za su naɗa Kalilu. Barakatu ta jiƙa gero, don ta san masu barka ba za su zo su koma haka ba.

Shi kuwa kwana biyu ya yi yana gyara amsarsa. Ya rubuta cewa shi bai kai ba, akwai waɗanda suka fi shi sani, shi ɗan malamin makaranta ne kawai. Sannan ya rubuta ta biyu ya ajiye, mai ɗan sassauci, wadda zai aika in sun nace. Ya rubuta ta uku, ta amincewa, har da godiya ga iyaye da malamai. Ita ya fi ɓata wa lokaci. Ya aika ta farkon, ya gyara zama.

Ko awa biyu ba a yi ba dattijuwar ta amsa. Ta ce ba ta taɓa ganin sauƙin kai irin nasa ba. Ta ce sun girmama ra'ayinsa, kuma ba ɗabi'arsu ba ce su matsa wa mutum. A ƙasan saƙon ta yi wa wani matashi ɗan Brazil tayin, yaron da Kalilu ya sha gyara wa kurakurai. Matashin ya amsa da layi ɗaya, ya ce yana so ƙwarai. Aka buɗe ƙuri'a ta kwana uku. Kalilu ma ya jefa masa, to me zai yi?

Da ya ba Barakatu labari, ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, to ka rubuta musu ka ce kana so mana."

"Da wane bakin, Barakatu?"

Masu barka dai sun zo, sun sha fura, sun yi addu'a Allah ya taya riƙo. Kalilu ya yi ta cewa amin, don bayanin ya fi amin tsawo. Da aka buɗe sabon shafin aikin, an rubuta da manyan baƙi cewa darajar wannan manhaja ita ce ba ta ɗaukar ƙin farko a matsayin amsar ƙarshe. Sunansa yana can ƙasa, cikin waɗanda ake gode wa. Wasiƙunsa biyu kuma suna nan inda ya ajiye su, ya kasa gogewa.

Daga ranar ya ɗaura niyyar ba za a sake yi masa haka ba. Bayan mako biyu Malam Sha'aban ya tafi Dutsi ta'aziyya, aka tayar da iƙamar la'asar babu liman. Tsoho Amadu ya waiwaya ya ce, "Malam Kalilu, bismilla." Kalilu bai ce akwai manya ba, bai ja da baya ba, bai tura kowa ba. Ya taka ya wuce gaba. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya ja su salla.

Washegari Barakatu ta kwaso maganar a gidan suna. Ana cewa tun da Turawa suka ɗaukaka Kalilu kansa ya kumbura, yanzu ko tayi na biyu ba ya jira.

Ba ta gaya masa ba sai da ta ajiye masa tuwo. Ya saurara har ta gama. Ta tura kwanon gabansa ta ce bismilla, ya ce ya ƙoshi. Ta sake cewa. Ta faɗa a karo na uku, a hankali. Sai ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya gutsuri loma, ya riƙe ta har ta huce bai iya kai ta baki ba.