Turken Jirgin Midhat Bey

Shugabannin tasha sun kori Rayyis Gharib, wato matuƙin jirgi Gharib, daga tashar jiragen shaƙatawa ta Bur Sa'id a Masar, sun hana shi ko taka ƙofarta, wai ya lalata jirgin mutane. Abin da ya yi kuwa, igiya ya jefa wa wanda ruwa zai ci.

Tun yana saurayi yake tuƙa jiragen ja, waɗanda ke jan manyan jiragen kaya su kai su matsaya. Da ya yi ritaya gwiwa ta tafi, zaman gida ya ishe shi, sai wani attajiri, Midhat Bey, ya ɗauke shi aikin tuƙin jirginsa na hutu. Jirgin irin na yayin nan ne: an ƙera shi da siffar jirgin ja, ƙirji a tashe, ga bututun hayaƙi, ga baƙin turken ɗaure igiya a baya. Ciki kuwa kujerun laushi ne da firji. Bututun ma tukunyar gas aka ɓoye a cikinsa.

Matar Gharib, Awatif, ta leƙa jirgin sau ɗaya, ta taɓe baki. "Rayyis, da furfurarka ka koma tuƙa ɗakin amarya?"

Ya ce, "Bari kawai, Hajiya. Ko ba komai ina shaƙar teku."

Wata la'asar ya fita shi kaɗai gwada inji, sai ya hango kwale-kwalen Zaglul masunci, injinsa ya mutu, iska na tura shi kan duwatsun bakin tasha. Zaglul ya ga siffar jirgin ja, ya ɗauka ceto ya zo.

"Rayyis! Kai Rayyis! Kallona kake kamar talabijin? Jefo igiya, ɗan albarka!"

Gharib ya san bututun ƙarya ne. Turken ne bai taɓa zargi ba, don a duniyar da ya tashi ba a wasa da turke. Hannunsa ya riga kansa. Ya jefa wa Zaglul igiya, ya naɗa ɗaya bakin a turken, ya ba inji wuta. Kwale-kwalen ya biyo shi, ya kauce wa duwatsun da ƙyar, sai ji ya yi ƙarau! Turken ya tumɓuke da katakon ƙasansa, ya faɗa ruwa. Ashe holoƙo ne, 'yan ƙusoshi ke riƙe da shi.

Zaglul ya fashe da dariya. "Allah ya saka maka, tsoho! Ashe jirginka ɗan kwalliya ne?"

Da Midhat Bey ya ga ɓarnar, shi bai yi dariya ba. "Wa ya ce ka ja wani abu, Baba? Wannan na ado ne!"

"Yallaɓai, turke ne na gani."

Shugabannin tashar suka zauna, ba su kira Gharib ba, ba su kira Zaglul ba, suka ce ganganci ne. Yanzu a shagon shayi Gharib yake wuni, shayin ya huce a gabansa, sai Awatif ta aiko a taso shi cin abinci.

Ku shugabannin tasha, ku kira Zaglul ku ji daga bakinsa, ku buɗe wa dattijon nan ƙofa. Sannan duk jirgin da ke ɗauke da turken ƙarya, ko a cire shi, ko a sa na gaske mai jan kaya.