Zauren da Muka Yi wa Sutura

Lallen hannunta na fara gani, kafin in lura da abin da hannun ke riƙe da shi. Baƙar laka ce irin ta garinmu Gadarif, a nan Sudan, wadda in ta kama takalminka da damina sai dai ka bar mata. Tana durƙushe a filin bayan masallacin unguwarmu, tana murza lakar tana shinshinawa kamar mai zaɓen turare. Na tsayar da rakshata, keken hayata mai ƙafa uku, na manta akwai fasinja a baya.

'Yar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Ta tafi Khartum karatun zanen gine-gine, ta dawo ana ce mata muhandisa, wato injiniya. Ni kuwa a lokacin na kusa haddace littattafan soyayyar da fatake ke kawo mana daga Kano. Na san yadda irin wannan haɗuwa ke kasancewa: mota mai baƙin gilashi, iska ta ɗaga mayafi, ido ya faɗa cikin ido. Ban taɓa karanta inda budurwar ke shinshinar ƙasa ba.

"Taubashiya, korar ki aka yi daga birni kika dawo wasan ƙasa?"

"Sauko ka riƙe mini igiya, bawan gidanmu. Ko har yanzu kana jiran 'yar sarki ta tare raksha?"

Na sauko. Fasinjan ya ƙarasa gida da ƙafa.

Unguwa ce ke son zaure na kowa da kowa, inda za a yi walimar aure da zaman makoki, a huta da kafa rumfa a tsakiyar titi. Dattawa sun riga sun gina shi a ransu da bulon siminti da kwano mai walƙiya. Ita kuma ta zo da nata: harsashi na dutse daga tuddan bayan gari, bango na tubalin jar ƙasa da aka matse, rufin ciyawa mai tsawo wanda bakinsa zai zarce bango ya kare shi daga ruwa, da tagogi can sama don zafi ya sami hanyar fita. Ta ce ƙasarmu kumbura take da damina ta tsage da rani, shi ya sa kowane gidan siminti a layinmu ke da tsaga kamar ɗan Gobir.

Wani tsoho ya buga sandarsa. "Kakanninmu sun tako daga ƙasar Hausa da ƙafa, sun kwana a bukka. Mu ma a bukka za a yi mana addu'a?"

Kawu ne ya raba gardamar. Manomin dawa ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce, "A ba ta. In ya faɗi, a kaina ya faɗi."

Gayya aka yi, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir. Na yi ta jigilar duwatsu har rakshata ta koyi tari. Kullum ina shirya kalaman da zan faɗa mata, masu wata da taurari, kullum kafin in buɗe baki sai ta ce, "Ya zol," wato "kai mutumin nan" a Larabcin Sudan, "layin nan ya karkace."

Zauren ya tashi, ya kuma yi sanyi kamar randa. Tsohon nan mai sanda shi ya fara mai da shi wurin barcin azahar. Sharaɗi ɗaya taubashiyata ta kafa: kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mata su sake yaɓe bangon da laka. Suka yi ta yi, suna waƙa, suna zaginta cikin waƙar.

Ana nan sai Kawu ya rasu. A zauren aka yi zaman makoki, baƙi daga garuruwan Showak da Fau suna ɗaga kai suna yaba iskar wurin. Ranar addu'a wani Alhaji, aminin marigayin, mai gonakin riɗi da taraktoci, ya miƙe yana share hawaye. Ya ce ba zai iya kallon zauren da amininsa ya tsaya wa yana tsirara ba. Ya ɗauki nauyin shafe shi da siminti ciki da waje, a sauke ciyawa a sa kwano, ladan kuma Allah ya kai kabarin mamaci. Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Har ni, don maganar ta taɓa zuciya.

Ba a jima ba ta aiko a kira ni ƙofar cikin gida. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe.

"Ka je ka gaya musu bangon ƙasa numfashi yake. In suka rufe shi, damshi zai shiga ya rasa mafita."

"In ce wa Alhaji ya mai da sadakar mahaifinki?"

"Ka ce ya haƙa rijiya."

Matar kawu tana zaune a bayanta da carbi. Ba ta ɗaga murya ba. "Ke ce za ki tare wa ubanki lada? Yana kwance can yana jira, ke kina lissafin laka?"

A littattafaina, nan ne saurayi ke shiga tsakiyar taro ya yi magana har dattawa su sunkuyar da kai. Na je wurin liman. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce sadakar da aka shafa wa fatiha ta riga ta bar hannun mutane, ya miƙo mini shayi.

Don a girmama ta, ita aka ba zaɓin launin fenti. Ta ce kowanne.

Shekarar farko zauren ya yi kyau ƙwarai. Angwaye suna ɗaukar hoto a jikinsa, mata sun huta da yaɓe, masu barcin azahar kuma suka koma gindin bishiya. Bayan 'yan damuna bango ya fara ciki. In ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Wata safiya simintin gefen gabas ya zube faifai guda, abin da ke bayansa kuwa ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Dattawa suka taru suna kallo. Tsohon mai sanda ya girgiza kai. "Ai mun faɗa, ƙasa ƙasa ce. Allah ya saka wa Alhaji. Ba don simintinsa ba, da tuni ya kwanta."

Taubashiyata tana tsaye a wurin aka yi maganar. Unguwarmu ba ta sake ba ta ko katangar bayi ta zana ba.

Yanzu tana can wajen Um Rakuba, inda sansanin 'yan gudun hijira yake, tana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da tubalin ƙasa. Ta auri wani malamin makaranta, mutumin kirki, wanda na tabbata bai taɓa ambata mata wata ko tauraro ba. Wani da ya yi aiki da ita ya ba ni labari cewa ba ta miƙa mabuɗin gini sai ta tara dattawan wurin, limaminsu a gaba, sun ɗaga hannu sun shafa fatiha a kan magana ɗaya: duk wanda ya mutu a cikinsu, komai girmansa, rijiya za a haƙa masa.