Mama Saratu ta Barking, wadda ta ƙi ɓoye mini rasuwar Ummata

Shekara takwas ke nan da rasuwar Mama Saratu. Ba mu haɗa jini ba, addininmu ma ba ɗaya ba ne, amma ita ta riƙe ni shekara biyar lokacin da iyayena suka kawo ni makarantar kwana a Ingila ina 'yar shekara goma sha uku. Ƙa'idar makarantar ita ce duk ɗalibin da iyayensa ke ƙasar waje sai an ajiye masa wani babba a nan, wanda zai sa hannu a takardu, ya karɓe shi idan an yi hutu ko ciwo ya kama shi. Ummata ce ta ba da sunanta. Tare suka yi karatun aikin jinya a Kano, kafin aure ya kawo Mama Saratu London, ta zauna a Barking tana aiki a asibiti.

Ɗakin baya ta ba ni, mai kallon layin dogo. Kafin in iso ta sayi darduma, ta kira wani maƙwabcinta ɗan Ghana ya nuna mata alƙibla, ta yi alama da biro a jikin bango. Ranar Lahadi idan ta dawo daga coci, sai ta zaunar da ni ta tsefe mini kai, tana faɗa a kan yadda makaranta ta bar gashina ya cukurkuɗe. 'Ya'yanta da aka haifa a nan suna jin Hausa amma da Turanci suke amsa mata, don haka da ni take sakin baki mu yi ta hira har tuwo ya huce.

A shekarata ta uku, saura mako uku mu fara babbar jarrabawa, Umma ta rasu bayan jinyar kwana biyu. A lokacin ɗalibai ba sa riƙe waya, sai ranar Lahadi iyaye ke kiran ɗakin kwananmu. Abba ya kira Mama Saratu ya ce kada a gaya mini sai na gama. Idan na tambaya, a ce Umma ta je ƙauye jinyar kakata. Daga baya na ji yadda suka yi.

"Alhaji, 'yarka ce, ban musa ba," in ji ta. "Amma a hannuna take. Ba zan zuba mata abinci ina yi mata ƙarya a kan uwarta ba."

Ya ce amana ya ba ta. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Ranar Laraba da azahar aka kira ni daga aji. Na sami Mama Saratu a kan benci a bakin filin wasa, da kayan aikinta a ƙarƙashin rigar sanyi. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta riƙe hannuwana biyu ta ce, "Hauwa, Ummarki ta rasu shekaranjiya, an yi jana'izarta. Ba wanda ya aiko ni, ni na zo da kaina." Ban tuna abin da na ce ba. Na dai tuna ita ma kuka take yi, kuma sai a ranar na gane ba ni kaɗai na yi rashi ba.

Ta tafi da ni gidanta na kwana bakwai. Da yake ba ta san yadda muke zaman makoki ba, ta nemo wasu mata Musulmi daga Thamesmead, suka zo muka yi wa Umma addu'a a falonta, ita tana kicin tana dafa musu shinkafa. Na koma na rubuta jarrabawa, na faɗi darasi biyu, sai da na sake su. Abba ya yi kusan shekara biyu ba ya magana da ita, har ya so ya canza mini mariƙiya, na ce in ba ita ba a mayar da ni Kano. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Mutum ne da ya rasa matarsa, yana tsoron kada karatun 'yarsa ma ya rushe. Sun shirya kafin in gama makaranta, kodayake ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Yanzu riƙon yara irin namu ya zama aikin kamfanoni. Ana bincikar gidan da za a kai yaro, ana duba tarihin masu gidan, kuma wannan abu ne mai kyau, domin ba kowane yaro ya dace yadda na dace ba. Na san da Mama Saratu tana raye, za ta yarda da binciken. Abin da zai dame ta shi ne yadda ake yin booking ɗin gida kamar masauki, yaro ya yi hutu a nan, hutu na gaba a can, ba wanda ya san shi sanin da zai gane ya rame. Maganar ɓoye rasuwa kuwa ta ƙare, tunda yaro kan ga hoton mahaifiyarsa da addu'a a waya kafin wani babba ya iso gare shi. Ina jin wannan zai fi komai ɓata mata rai.

Na daɗe ina ɗauka ba ta yi shakka ba ko kaɗan a ranar da ta zo ta gaya mini. Sai da ciwon ajalinta ya kwantar da ita na tambaye ta. Ta yi murmushi ta ce sau biyu ta so ta sauka daga jirgin ƙasan da ta hau zuwa makarantarmu ta koma gida.

"To me ya hana ki, Mama?"

"Na tuna za ki zo hutun ƙarshen mako ranar Juma'a, ki tambaye ni ko na ji daga Umma. Na yi ta neman abin da zan ce miki, ban samu ba. Har yau ban sani ba ko daidai na yi."

Na gaya mata daidai ta yi, ban tabbata ta yarda ba. Ba ta bar gida mai sunanta ba, ba a rubuta ta a ko'ina ba sai a tsofaffin takardun makaranta. Abin da ta bar mini shi ne ban taɓa zama ina lissafin kwanakin da na yi ina dariya alhali uwata tana kabari ba. Kwana biyu ne kacal, kuma ita ta tsaya a kan kada su zama ashirin.